Murfin injin niƙa da yatsuna biyu

Assalamu alaikum. Masu bina a nan kun saba ganin addu'a da hoton jikoki. Akwai maganar da na haɗiye tun ina yarinya mai goyo, yau sai na faɗe ta. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannun hagu nake danna salula. Raina a ɓace yake.

Shekaranjiya na bi ta shagon ɗana na fari, mai walda. Na tarar yana yankan ƙarfe da inji, faifan yana gudu tsirara. Ya kwance murfin ya jefa bayan ƙofa. Ban ce masa komai ba. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsayawa ta yi masa doguwar magana. Na aika ƙanwarsa, ya ce ta gaya mini murfin yana rage masa sauri.

Wannan maganar na taɓa jin ta.

Cikin shekarun fari, alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai, wani ɗan kasuwa ya kawo injin niƙa garinmu Madarumfa daga Najeriya, ya ɗora wani mai suna Ɗanladi a kai. Bel ɗin injin yana da murfin ƙarfe. Ɗanladi ya kwance shi, wai in bel ya zame yana ɓata masa lokaci. A cikin murfin yake zuba wa ragonsa dusa.

Lokacin hatsi ya yi wuya. Garin da ya zube ƙarƙashin inji na wadda aka niƙa wa ne, in ta yi hanzarin sharewa kafin a zuba na wata. Ba a kashe inji don mace ta share gari. Haka kowa ke yi.

Na duƙa da 'yar tsintsiyata, ɗan farin nan nawa yana goye a bayana. Bel ya kama bakin gyalen da na rufa masa. Na ji ana jan ɗana. Na kai hannun dama na fizge gyalen, bel ya saki gyale ya tafi da hannun.

Yatsu biyu suka tafi, tafin ya tsage.

Ɗanladi ya ɗebo baƙin mai daga cikin injin ya tuttula a ciwon, ya ce maganin ƙarfe ke nan, duk direbobi haka suke yi. Aka ɗaure da tsumma. Ko injin bai kashe ba, akwai mata a layi.

Bayan 'yan kwanaki na ɗauki ludayin fura, baki ya ƙi buɗewa sosai. Sai wuya ya ƙage. Sai baya. In aka buga turmi a maƙwabta, jikina duka ya sandare, in banƙare kamar baka. Surukata, Inna, ta ce iska ce ta bakin tabki. Aka yi turare, aka yi rubutu, na kasa haɗiyewa.

Maigida ne ya ce a'a. Ya sa ni a motar 'yan kasuwa zuwa asibiti a Maraɗi. Kowane rami motar ta faɗa, sai na sandare.

Likita ya gwada sa cokali tsakanin haƙorana, ya ƙi shiga. Ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Wa ya zuba man inji a nan?" Ya ce ciwon sarƙe haƙora ne, daga dattin da aka rufe cikin raunin.

Suka kankare ciwon, suka ɗebi jini. Suka sa ni ɗaki mai duhu, ba magana, ba jan takalmi. Allura safe da yamma. Kunu ta roba a hanci. Akuyata ta tafi wajen magani, irin gyaɗar da muka ɓoye don damina shi ma ya bi ta.

Ina jin komai, ba na iya cewa komai. Tsorona ɗaya, yaron. An yaye shi ba shiri, a shekarar da babu hatsi. Ina so in tambaya ko yana da rai, ga haƙora a sarƙe, ga kunyar ɗan fari. Inna ta gane. Ta sunkuyo kunnena ta ce: "Yana shan kunu, ɗiyata. Ke dai ki buɗe bakin nan."

Sai da wata ya wuce kafin ludayi ya shiga bakina. Da na koma gida, yaron ya ƙi ni, ya ɓuya bayan Inna. Na wuce ta wurin niƙa, rago yana nan yana cin dusa cikin murfin.

Ɗanladi ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma sakacin ban yafe ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Allah ya saka wa maigida, da Inna, da likitan da ban san sunansa ba.

Ku masu inji, wanda ya ƙera murfi ba mahaukaci ba ne, ku bar shi a wurinsa. Ku kashe inji, ku zare waya, kafin hannu ya je kusa, ko shara ce ko canza faifai. Faifan da ya tsage a yar da shi. Mata, ku ɗaure gyale kafin ku shiga wurin niƙa, kuma kada ku matsa da goyo. In ƙarfe ya yanke ku, ruwa mai tsabta da sabulu, sai asibiti a yi allura ranar. Baƙin mai na inji ne.

Saura kai.

An ce kana karanta abin da nake rubutawa. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Dangi su ce tsohuwa ta zubar da kunya, na ji.

Laminu.

Da yatsuna biyu na karɓo ka daga bakin inji. Ka ɗauko murfin nan daga bayan ƙofa ka ɗaura. Gobe da hantsi zan zo da tabarmata in zauna ƙofar shagonka, ba zan tashi ba sai na gan shi a jikin injin.