Ruwan da na ba Alhaji ranar da ya zo dubiya

Salama alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambaya ko na bar Abuja. Ban bar ta ba, asibiti ne ya riƙe ni, kuma da ƙyar na fito da ƙafata.

Da ciwon kai abin ya fara, sai zazzaɓi mai zuwa da yamma. Na ce maleriya ce, na je kemis na sayo magani. Na sha, na sake sha, jiki sai ƙara zafi yake.

Ranar da cikina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, ko taɓa shi ba a iya yi, mijina Baban Ilham ya ɗauke ni sai asibiti. A cunkoson Nyanya na dinga salati, na ɗauka a motar zan cika.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce taifot ce, ta huda hanjina, tiyata za a yi yanzu-yanzu.

Na farka da roba a hanci, roba a ciki, ƙarin ruwa a hannu. Ko ɗigon ruwa aka hana ni, sai dai nas ta jiƙa auduga ta shafa min a leɓe. Ɗinkin ya yi ruwa, aka sake buɗe shi. Keken ɗinkina da nake sana'a da shi, a kuɗin magani ya tafi.

Wata safiya likita ya tambaye ni, "Hajiya, wane ruwa kuke sha a gida?"

Na ce na famfo mana.

Ya ce, "To a duba famfon nan, tun da akwai yara."

Ilham ɗina, 'yar shekara huɗu, a bakin famfon nan take kafa kai ta sha.

Gidan haya muke, ɗaki-ɗaki, famfo ɗaya a tsakar gida. Bututun na ƙarfe ne, ya girme ni, kuma ta cikin kwata ya ratsa ya shigo. Duk sanda ya ɓule muka kai ƙara wurin mai gidan, Alhaji Sale, sai ya turo a yanko tsohon tub ɗin babur a ɗaure wurin. Baban Ilham ya tona ya gani, ɗauri a kan ɗauri. Da an ɗauke ruwa, ruwan kwata ke shigewa ta ɓulin, in an dawo da shi mu tara a bokiti.

Sau nawa na ce wa Alhaji ruwan na wari? Amsarsa ɗaya ce: "Kin cika ƙorafi, ruwa ai ruwa ne." Shi kuwa ruwan gora yake sha, katan-katan a bayan motarsa.

Baban Ilham ya same shi da maganar canza bututu. Wai sai bayan damina! Ina kwance da ciki a yanke, mutumin nan na cewa bayan damina.

Wallahi a gadon nan na ƙulla masa.

Da aka sallame ni, sai ga shi ya zo dubiya, har da rakiyar Malam liman, ana ta ƙamshin turare. Maƙwabta suka cika tabarma. Na ce wa maƙwabciyata Maman Blessing ta taimaka ta kawo wa baƙo ruwa, amma na famfo, kuma a kofin gilashi.

Ta gane. Ta ɗauraye kofi tas, ta tara a gaban kowa, ta durƙusa ta miƙa. "Oga Alhaji, ga ruwa, ka sha da sanyi."

Ruwan ya yi ja-ja, wani abu na yawo a ciki.

Ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi.

Na ce, "Haba Alhaji, ka zo gidanka a ba ka ruwa ka ƙi? Ko kurɓi ɗaya. Ruwa ai ruwa ne."

Ya ce azumi yake. Ga jan goro a bakinsa!

Malam ya karɓi kofin, ya ɗaga, ya shinshina, ya ajiye a hankali. Ya ce, "Alhaji, wannan ko alwala ba zan yi da shi ba. Shi bayin Allah suke sha?"

Na ɗage gefen rigata kaɗan na nuna wa matan bandejin, na ce, "Ga abin da tub ɗin babur ya yi min. Idan ya taɓa Ilham, kotu ce za ta raba mu." Zufa ta dinga keto wa Alhaji. Ban ji tausayinsa ba ko ƙanƙani, daɗi na ji.

Satin bai ƙare ba masu gyaran famfo suka zo. Suka zare tsohon bututun, yana marmashewa a hannunsu, cikinsa baƙi ƙirin. Suka sa na roba, suka bi da shi ta jikin katanga, nesa da kwata.

Alhaji ya aiko wai in yafe. Ban yafe ba. Masu cewa ƙaddara ce, na yarda, amma shi ya ɗaure ta da roba. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Baban Ilham da ya ba ni jininsa, da Maman Blessing da ta riƙe min 'ya kamar tata.

Ku kuma, don Allah ku bi bututun gidanku ku ga ta inda ya biyo. In na ƙarfe ne ya yi tsatsa, ko ya ratsa kwata, a canza, kada a ɗaure. Ruwa ya sauya kala ko wari, ku tafasa. Zazzaɓi ya ƙi jin magani, ku bar kemis ku tafi asibiti.

Kofin nan yana nan, na ɗura ruwan a kwalba na ajiye kusa da shi. Duk ranar da Alhaji ya zo karɓar haya, da shi zan tarbe shi.