Mai Tsayawa Baya a Tudun Kalmalo

"Baba, ka huta gobe. Ni zan ja gaba."

"Gaban mi?" Malam Attahiru ya ɗago ya dubi Sahabi, yana murza wa gwiwarsa man zafi. "Ko akuyar gidanku ta san hanyar sama. Baya nika tambaya. Wa za shi tsaya baya?"

Cikin duk waɗanda tsohon ya horar babu wanda ya kai Sahabi gudu, kuma bai saba waiwaye ba.

Duk wanda ya tashi a Illela ya san wannan tsohon malamin motsa jiki. Ran Asabar, da an idar da sallar asuba, zai rataya gorar ruwa ya nufi tudun duwatsun da ke hanyar Kalmalo. Da ya fara, dariya aka yi masa, wai mai hankali ba ya hawan tudu sai in tunkiyarsa ta ɓace. Shi kaɗai ya share hanyar da fartanya. Sannu a hankali 'yan ƙwallo suka bi shi, sai 'yan kokawa, sai manyan 'yan kasuwa da tumbinsu, har da na tsallaken iyaka.

Doka ɗaya ya kafa: shi ne na ƙarshe, kuma ba a buɗe gora sai kowa ya iso sama. Hajiya Baraka mai tuwo, wadda likita ya sa ta riƙa tafiya saboda hawan jini, ta ce ranar farko a tsakiyar hawa ta durƙushe, kunya ta sa ta kuka. Sai Malam ya zauna can gefe, ya ce takalminsa ya tsinke. Ya yi ta gyaran takalmin da lafiyarsa ƙalau har ta huta.

"Ni ban taɓa zama ta ƙarshe ba," in ji ta. "Kullum yana bayana."

Mu mutanen Illela, ga abin da muke ce maka: Baba, kai ne ka ɗauke wa raunanan garinmu kunya, ka rataya ta tare da gorarka. Ba ka taɓa riga kowa ganin tafkin Kalmalo daga sama ba, amma da yawa don kai suka gan shi. Mun gode, Allah Ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma da muka rage, mu koyi waiwaye.

Washegari Asabar, a babur aka kawo Malam Attahiru gindin tudun, aka shimfiɗa masa tabarma. Jama'a suka tsaya cirko-cirko. Hajiya Baraka ta dubi hawan, ta dubi tabarmar, ta juya za ta koma gida.

Sahabi ya ga juyawarta. Ya durƙusa gaban tsohon, ya ɗauki gorar ya rataya.

"Hajiya, dawo ki wuce," ya ce, yadda kowa zai ji. "Daga yau ni ke baya. Ranar da na riga wani isa sama, ku hana mini ruwa."