Mati Ya Yi Gaisuwar Mutuwar Uwarsa

Wata rana, ranar wata Talata, aka buga wa Mati waya yana tsakiyar auna albasa a Fatakwal.

Ƙanensa ne, Sallau.

Ya ce Inna ta rasu.

Mati ya ce to. Ya ƙarasa auna wa matar albasarta, har da gyara.

Shekararsa ashirin da uku a Kurmi. A cikinsu sau huɗu ya leƙa gida, wani ƙauye ta wajen Malumfashi. Shi ma na huɗun da rana ya zo, da la'asar ya juya. Amma fa duk sallah sai ya aiko da jarkar manja da buhun garin kwaki. A ganinsa zumunci ke nan, a zuba shi a jarka a ba direba.

Kwana biyu ya yi a hanya. Yana ta jira kukan ya zo. Har Lokoja bai zo ba. Har Kaduna bai zo ba. Yunwa ce ma ta zo, ya sayi masara ya ci.

Ya iso da hantsi, ranar sadakar uku. An daɗe da binne ta.

Ƙofar gida cike da mutane. 'Yan gida na zaune a tabarma, masu gaisuwa sun yi layi. Kowa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya ba na baya wuri.

Mati ya ajiye jakarsa.

Ya shiga layi.

Wallahi layi ya shiga, a ƙofar gidan da aka yanke masa cibiya.

Da aka zo kansa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban ƙanensa, ya ce ya haƙuri, Allah ya ji ƙanta.

Sallau kuwa tun shekaranjiya yake amsa wannan magana, bakinsa ya riga ya saba. Kansa a sunkuye ya ce da godiya, Allah ya ba da lada.

Sai ya ɗago ido.

Suka kalli juna. Ba wanda ya san yadda za a gyara.

Can wani ya ce a kawo wa Alhaji kujera, ya sha hanya. Aka kawo farar kujerar roba, aka kafa ta a inuwa, gefe guda. Aka kawo lemo mai sanyi.

Ga 'yan gida a tabarma. Ga Mati a kujera, kamar ɗan takarar kansila.

Mutane na zuwa suna wuce shi. Sannu Alhaji, an zo lafiya? Wani ma ya tambaye shi ko abokin kasuwancin Sallau ne.

Ya ce a'a. 

Abu ɗaya yake jira, mutum ɗaya ya ce masa ya haƙuri. Guda ɗaya tak. Uwarsa ce fa.

Mutum ya fi ɗari ya wuce.

Shi dai yana zaune yana kallon wani ƙuda a bakin kwalbar lemo. Ba baƙin ciki, ba fushi. Kamar an cire masa batir.

Da aka shafa addu'a aka fara fito da gumbar sadaka. Wani ya ƙulla curi biyu a leda ya kawo masa da hannu biyu. Ya karɓa. Har godiya ya yi.

Sai ga Tabawa ta leƙo daga zaure da ƙaton tire a hannu. 'Yar gwaggonsa ce, taubashiyarsa. Tun suna yara ba ta taɓa kiransa ba ta haɗa da zagi ba.

Ta kalle shi. Ta kalli kujerar. Ta kalli ledar.

"Kai Mati mai kan tulu! Mene ne a hannunka?"

"Gumba ce aka ba ni, Tabawa."

"Aka ba ka? Uwarka ta mutu, kai ne kuma ake ba sadaka? Tashi daga kujerar mutane, ɗan banza. Karɓi tiren nan ka raba!"

Kowa ya waiwayo. An zagi Alhaji.

Mati ya tashi. Ya karɓi tire. Ya fara bi yana miƙawa, babbar riga na jan ƙasa.

Na uku da ya miƙa wa wani tsoho ne, wanzamin garin. Ya ɗauki curi ɗaya, ya ƙura masa ido.

Ya ce tsaya, kai ba ɗan Dije ba ne, na Kurmi? Ai ni na yi maka askin suna.

Ya kama wuyan hannunsa. Ya ce ya haƙuri, ɗana.

Mati ya buɗe baki.

Amsar nan da ya ji an faɗa sau ɗari tun safe, ya neme ta ya rasa.

Bai yi kuka ba. Tiren ne dai ya karkace, gumba biyu suka gangara cikin ƙasa.

Tabawa daga bakin zaure ta ce kun gani ko, shekara hamsin da biyu, har yau ba a ba shi abu ya kai lafiya.

Darasi: Ran da ka je gidanku aka tare ka da kujera da lemo, ba mai aiken ka, ba mai zagin ka, to malam ka zama baƙo. Ka riƙa zuwa ba don an mutu ba, ba don ana biki ba. Ka je kawai a ce ka ɗauko wancan bokitin.

Tura wa yayanka da ke Kurmi. In kuma kai ne yayan, ajiye wayar nan ka nemi mota.