Lakar Gindin Dogon Yaro

Shekarar da na fara koyarwa a rauda, makarantar ƙananan yara ta ƙauyenmu da ke hanyar Suki, ba abin da ya haɗa ni faɗa da iyaye kamar laka. Duk farkon mako nakan sa mai keken jaki ya ɗebo mini ita daga bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, ya zube a gindin dogon yaro. Yara su zauna su gina shanu, su shata gonaki, su tona wa ruwa hanya, su yi ta gardamar gonar wa za ta fara sha.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu da ba ta magana. Ba bebiya ba ce. Tun da iyayenta suka gudo da ita daga wajen garin Rufa'a lokacin yaƙi ta rufe baki, ko sunanta ka kira sai ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana zama can gefe, kafin ta fara ginin saniya ita kaɗai. Wata rana wani yaro ya taka mata saniyar, sai ta miƙe ta daka masa tsawa: "Ka karye mata ƙafa! Gyara ta!" Na juya baya na share hawaye da gefen mayafina. Daga ranar baki ya buɗe. Tana ƙirga shanunta, tana gaya mini wadda ta ƙoshi da wadda ke jin ƙishirwa.

Ana haka hidimar takharij ta taso. Biki ne na ƙarshen shekara, a sa wa yara doguwar riga da hula irin ta masu gama jami'a, alhali wasunsu ko majina ba su iya fyacewa ba. Raudar bayan kasuwa ta riga ta fara shiri, tun safe kana jin yaranta suna rera hadda da ƙarfi har cikin gida. Namu kuwa suna komawa gida da laka har gwiwa. Iyaye suka kira taro, kuma uban yarinyar nan shi ya fara magana.

"Ya ustaza, mu karatu munka kawo ɗiyanmu, ba kwaɓa laka ba. In laka ta, ai akwai ta bakin tur'a."

Na haɗiye fushina na yi bayani. Na ce yaron da ya raba shanu shida wa abokai uku ya yi lissafi, wanda ya jira a shayar da gonar wani kafin tasa ya koyi haƙuri, hannun da ya murza ƙahon saniya kuma shi zai riƙe alƙalami gobe. Sannan na dube shi na ce, "Yayana, ɗiyarka ta yi magana. A cikin lakar nan ta yi."

"Maganar saniya?" Ya yi dariya, maza suka taya shi. "Halas, ustaza, ya isa haka. Mu muna son abin da kunne ka ji."

Shugabar raudarmu, wadda jiya-jiya take yabon aikina, ta ce gaskiyar iyaye ce. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai. Washegari aka kwashe lakar aka cike wani rami a ƙofar raudar da ita.

Sauran shekarar a layi muka yi ta. Ni in faɗa, yara su amsa, in sake faɗa, su sake amsawa, har muryata ta dishe. Yarinyar ta gano dabara da wuri: in ana rerawa sai ta riƙa motsa leɓe. Cikin wannan ihu wa zai gane? Na je na gaya wa shugaba, ta ce in bar neman fitina. Na tare uban a hanya, ya ce ai yana leƙowa ta katanga, yana ganinta tana karatu.

Ranar takharij aka kafa rumfa, aka kawo lasifika, mata sai guɗa. Yara suka jeru cikin rigunansu suna rera hadda, ni kuma ina tsaye dab da yarinyar. Bakinta na buɗewa yana rufewa daidai da na kowa, amma ko sauti ɗaya bai fito ba. Uban yana gaba, ya ɗaga waya yana ɗauka, fuskar nan cike da murna.

Da aka tashi ya nufo ni. "Kin gani, ya ustaza? Wanga shi na karatu."

Na ce, "Kira ta ka tambaye ta sunanta."

Ya kira ta, ya durƙusa, ya tambaya. Ta sunkuyar da kai, hular ta zame ta faɗi. Ya sake tambaya, shiru. Ya ɗauki hular ya kaɗe ƙura, ya mayar mata a ka, ya ce kunya ce kawai, ya ja hannunta suka tafi a ɗauke su hoto.