Ba-Fashi Ta Cika Musu Huɗu

Ba iyayenta ne suka raɗa mata sunan ba. Malaminsu na aji uku ne ya laƙaba mata shi, wata safiya da aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwalbatin ƙofar makaranta ya cika ya batse, yara kowa ya samu hujjar ƙara naɗewa a bargo. Ita kaɗai ta zo, takalmi a hannu, riga na ɗiga. Washegari Malam ya tsayar da ita gaban aji, ya ce kowa ya dubi yarinyar nan, ita ba ta fashi. Shi ke nan suna ya bi ta. Da shi ta yi aure, da shi ta haihu, da shi ta buɗe shagon ɗinki, ga shi har ta yi jika. Yau in ka tambayi sunanta na yanka a unguwar, sai mutane su yi ta kallon juna.

Shagon nata yana fuskantar makarantar ce, 'yar ƙaramar makarantar ƙarshen layi mai fenti a koɗe da ƙararrawar tsohon ƙarfen tayar mota. Daga kan kekenta tana hango ƙofa, kuma ba don son kallo take hangowa ba. Jikarta, wadda take kira Takwara don sunanta aka sa mata, an haife ta da ƙafa ɗaya shanyayyiya, da sanda take tafiya. Ubanta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Uwar tana aikin shara a asibiti, tun kafin gari ya waye take fita. Saboda haka kowace safiya Ba-Fashi ce ke tsayawa bakin shago, allura a baki, tana kallon yarinyar tana ɗingisawa har ta tsallaka layin ta shige aji. Iyakar tafiyar da ƙafar ke iya ɗauka ke nan, kuma Allah Ya sa ta isa.

Makarantun gwamnati huɗu ne a yankin, kwamiti ɗaya ke riƙe da su. Shi ke cewa a ɗauki malami ko a sauya masa wuri, a gyara rufi ko a bar shi yana yoyo. Mazauna yankin ke zaɓen 'yan kwamitin, shi ya sa da lokaci ya zo matan unguwa suka taru a shagon suka ce ita za ta tsaya, tunda ita ce mai baki kuma ba ta da tsoron kowa. Ta yi ta nonnoƙewa, daga baya ta ɗinka wa kanta sabuwar riga.

Ɗakin taron yana saman benen ofishin yankin: dogon tebur, fanka mai kaɗa kai kamar tana ƙin yarda da abin da ake faɗa, da kujeru bakwai. Ɗaya babu mai ita tun da mai ita ya rasu. Maimakon a yi zaɓe a cike gurbin, sai aka mai da ita wurin ajiye jakunkuna. A kujerar gaba Shugaba ne, mai sayar da kayan gini, mutum mai murmushi ko da yana yanka ka. Damansa Lauya, wanda rabonsa da cikin kotu har ya manta hanya. Hagunsa Matar Likita, wadda 'ya'yanta ko sau ɗaya ba su taɓa taka makarantar gwamnati ba, amma ita ce ta fi kowa sanin abin da ya dace da 'ya'yan talakawa. Ɗaya gefen kuma Mai Kemis, da Malam ɗin nan dai da ya sa mata suna, yanzu ya tsufa ya ajiye alli, sai ita. Akwai Sakatare, ma'aikacin ofis ne, ba ya ɗaga hannu. Shi dai kafin a fara zai bi kawuna da bakin biro, ya ce, "An cika." Ba-Fashi ta ɗauka irin gaisuwar buɗe taro ce. Shekara da shekaru tana zama a teburin nan, babu ɗan halak ɗaya da ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ga ma'anar kalmar.

Aikin kuwa, kai, a bar kaza cikin gashinta ma ba ta taso ba, don Ba-Fashi ba ta bari. Za a ɓata rabin yini ana gardamar launin fentin ofis da wanda zai zauna sahun gaba ranar raba kyaututtuka. In ta ce bayan gidan 'yan mata ba shi da ƙofa, a ce za a duba. In ta ce aji biyu malami ɗaya ke tsallake tsakaninsu, a ce an rubuta. Lauya ya duba agogo, Matar Likita ta buɗe biskit. Duk da haka ba ta taɓa ƙin zuwa ba. Da zazzaɓi ta je, da ciwon gwiwa ta hau benen, ta bar ɗinkin mutane a keke suna zaginta. A ganinta wanda aka zaɓa ba shi da ikon zama a gida.

Sai ga maganar rufe makarantar ƙarshen layi. Wai yaranta sun yi kaɗan, wai za a haɗe su da babbar makarantar da ke hayin titin manyan motoci don a inganta karatu, filin kuma a gina wa yankin ɗakin ajiya. Wanda zai sayar da siminti da rodin ginin, ba sai an faɗa ba. Ba-Fashi ta tambaya yaya yaro mai sanda zai tsallaka wannan titin da ko babba sai ya yi gudu. Shugaba ya yi murmushinsa ya ce za a duba. Kowa ya san yadda hannuwa za su tashi: uku da uku, kuma in an yi kunnen doki Shugaba ke raba gardama. An sa maganar a taron ƙarshe kafin hutu, domin bayan hutu wa'adinsu ya ƙare, sabon zaɓe za a yi, kuma unguwa ta riga ta cika ta yi fam da Shugaba.

Ta yi kwanaki tana shirya abin da za ta faɗa. Tana taka keke tana magana ita kaɗai, tana nuna bango da almakashi. Takwara na zaune a ƙasa tana ware maɓallai, ta ce, "Kaka, da wa kike faɗa ne?" Ta ce da mutanen da za su gane kurensu.

Ana gobe taro Malam ya leƙo shagon, yana dogara lema. Ya tarar tana gwada wata mata, ƙanwar matar Shugaba ce, hannu a buɗe, kunne ma a buɗe. Ya gaisa, ya tambayi aiki, ya yi ta kame-kame, ya dubi matar, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "'Yata, gobe da kin zauna kin huta. Gwiwar nan taki."

Ta cire tef daga wuya ta dube shi. "Malam, kai da bakinka?"

Ya ce shawara ce kawai, zai dawo an jima. Bai dawo ba. Shi a zatonsa ta gane. Mai Kemis a zatonsa Malam ya yi mata bayani. Ita kuwa abin ya sosa mata rai ƙwarai. Ta ce wato har Malam ya karaya, yana so a rufe mata baki kada ta ba manya kunya. Ta ɗinke hannun rigar matar a baibai saboda takaici, sai da ta farke.

Ranar taro aka tashi da ruwa. Tana neman leda ta rufa kai sai ga motar Shugaba a ƙofar shago, direba ya fito da lema yana rusunawa, wai an ce ya kawo ta kada ta jiƙe. Motar da ta sha wuce ta a hanya tana watsa mata taɓo! Ta shiga ta hakimce a baya, a ranta tana cewa ashe dai suna shakkarta.

Ta hau benen tana haki. Mutum uku ta tarar: Shugaba, Lauya, Matar Likita. Babu Malam, babu Mai Kemis. Shugaba yana ta safa da marwa bakin taga, yana ganinta fuskarsa ta washe, ya tare ta, da hannunsa ya ja mata kujera. Tana zama Sakatare ya bi kawuna da biro, ya tsaya a kanta, bai ɗago ido ba ya ce, "An cika."

Ta yi magana, wallahi ta yi. Ta faɗi titin, ta faɗi sandar Takwara, ta faɗi yaran da iyayensu ke fita aiki kafin su farka, ta faɗi siminti ƙarara a gaban mai shi. Karo na farko babu wanda ya katse ta. Lauya bai duba agogo ba, Matar Likita har gyaɗa kai take yi, aka tura mata lemo gabanta. Da ta gama Shugaba ya yi mata godiya, ya ce a ɗaga hannu. Uku suka ce a rufe. Ita kaɗai ta ce a'a, hannunta a sama har kafaɗa ta yi tsami. Da aka tashi babu wanda ya yi maganar mota.

A ƙafa ta tafi cikin ruwan, ba gida ba, gidan Malam kai tsaye. Ta same shi a zaure shi da Mai Kemis, suna ganinta a jiƙe suka miƙe. Ba ta ko gaishe su ba. Ta ce matsorata, sun bar mace ita kaɗai a gaban kuraye, ga shi an rufe makaranta suna nan suna shan shayi. Mai Kemis ya dafe kai. Malam ya koma ya zauna a hankali.

"Kin je?"

"Da ba zan je ba? Ni ce fa."

"'Yata, dokar kwamiti sai mutum huɗu sun zauna ake yanke magana. Su uku ne. Da kin zauna a gida, da babu taro, da maganar ta jira sabon zaɓe."

Ta tsaya ruwa na zuba daga ɗankwalinta zuwa tabarmar mutane. Motar ta faɗo mata, da lemar, da kujerar da aka ja mata, da biron Sakatare. Ta ce me ya hana shi faɗa mata haka jiya, da Hausa, kamar yadda ya faɗa yanzu. Ya ce akwai baƙuwa a shagon. Baƙuwa! Ba zai iya cewa ta fito waje minti ɗaya ba? Mutumin da ya tsayar da ita gaban aji ya koya mata cewa zuwa shi ne mutunci, shi ne ya zaci kalmar "huta" za ta zaunar da ita. Waɗancan sun san halinta sun yi amfani da shi, waɗannan sun san halinta sun manta. Har yau ban san wanne ya fi ba ni haushi ba.

Bayan hutu aka yi zaɓe, unguwa ta kayar da Shugaba warwas, amma kafin nan an kwashe bencina, an cire ƙararrawa, an sauke bulo a filin. Sabon kwamiti ya ce abin da aka zartar bisa doka ya zartu, za a duba. Matan unguwa sun zo su sake tsayar da ita, ta ce su nemi wata.

Yanzu shagon ba ya buɗewa da wuri. Kowace safiya takan goya Takwara, ƙatuwar yarinya ƙafafu na reto, sanda a hannun kaka, su tsaya bakin titin manyan motoci suna jiran sarari. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko aka tashi da ruwa, babu mai goyon. Irin wannan safiyar yarinyar kan fito da kayan makaranta a jiki, ta dubi sama, ta dubi gwiwar, ta ce, "Kaka, yau ma fashi?"

Ba-Fashi takan miƙa mata gwangwanin maɓallai, ta juya kekenta ya fuskanci bango.