Lemun tsamin Inna

In jikokina suka dawo daga makaranta sai su ce, "Kaka, kin ga shekarar da aka sauke tutar Turawa?" Su yi ta jero mini manyan mutanen lokacin, wai in ba su labari. Yo ina na gan su? Mu a Kangire, shekarar masu lamba muke ce mata.

Labarinsu ya riga su isowa. Goggona da ke aure a Dingaya ta zo ta ce a kasuwar Gwaram an ji komai: Turawa za su tafi, shi ne suke son yi wa 'ya'yan mutane shaida kamar shanu, in yaƙi ya tashi a zo a kwashi masu tabo. Wasu suka ce haihuwa ake son kashewa. Wai maganin agana! Tun yaushe Bature ya fara ba da abu kyauta? Ruwa ba ya tsami banza. Da dagaci ya fito da nasa 'ya'yan don a gani, aka ce ai su ruwa za a shafa musu.

Goggon ce ta kawo dabara. In an tsaga hannun yaro, a yi maza a goge da lemun tsami kafin wurin ya bushe, lamba ba za ta kama ba.

Ran nan masu lambar suka zo daga Birnin Kudu a kan kekuna, suka zauna ƙofar gidan dagaci. Aka tsaga mini, aka tsaga wa ƙanena, wanda bai daɗe da yaye ba. Muna shiga gida Inna ta ciro lemo daga bakin zaninta, ta yanka, ta dirje masa hannu har yana ihu. Ni ma na miƙa nawa.

To ni 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kula ni a gaban mutane, don kunya. Ga tsakar gida cike da dangin Baba, kakata mai riƙona kuma ta tafi biki Zandam. Inna ta dubi hannuna, ta dubi matan nan, sai ta miƙa wa maƙwabciya ɓarin lemon. Kowa na ta nasa ɗan. Kafin a tuna da ni wurin ya bushe.

Hannuna ya kumbura, ya yi ruwa, na kwanta zazzaɓi. Mata suna leƙowa suna cewa, "Ayya, wannan kam an kama ta." Wallahi na riƙe Inna a zuciya. Na ce ta fanshi ɗanta, ni ta bar wa soja. Ko kukan mota na ji daga nesa sai in shige ƙarƙashin rumbu.

Soja ba su zo ba. Da bazara agana ta shigo gari, ta bi gida-gida. Ta kama ƙanena, aka keɓe shi a bukka bayan gida. Ni ke kai masa kunu, ni ke kore masa ƙuda, ko ƙurji ɗaya bai fito mini ba. Har aka fara raɗa wai yarinyar nan a bincike ta, ba haka ta tsaya ba. Sai da aka ga 'ya'yan dagaci ma garau, da duk wanda lambarsa ta kama, sannan bakin kowa ya mutu.

Ƙanena bai tashi ba.

Bayan an watse zaman makoki ina shara a tsakar gida, sai na ji an riƙo dantsena. Inna ce, a gaban kowa. Ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, "Da ma shi ma na ji kunyarsa."