Muryar Injiniyanmu a Zauren Taro

Mu bakwai ne a kamfanin a wancan lokacin, a wani ofis na saman bene a unguwar Gudu. Sana'armu ita ce ajiye wa ma'aikatu da kamfanoni bayanansu a manyan kwamfutocinmu, kowa da ma'ajiyarsa shi kaɗai, ba ya haɗa ɗaki da kowa. Ni ne mai yawon neman kwastomomi. Wanda ya gina tsarin tun daga tushe shi ne injiniyanmu, wani siririn mutum mai yawan shiru da ke zuwa daga Mararaba kullum. Shekara huɗu teburina na kallon nasa.

A shekarar ne oga ya ce za mu shiga cikin masu ɗaukar nauyin taron masu haɗa manhaja da ake yi a wani otal a tsakiyar gari. Za a sa tambarinmu a allon talla, a ba mu rumfa kusa da ƙofa, da minti goma sha biyar a kan dandamali. Injiniyan aka ce zai yi magana. Bai so ba, amma ya zo da dabararsa: zai goge wata folda a gaban jama'a, sannan ya dawo da ita cikin minti guda, kowa ya gani da idonsa cewa abin da aka ba mu ajiya ba ya ɓata.

Saura kwana tara taron, wata tirela ta ƙwace a gangaren hanyarsu da safe, ta bi ta kan motoci uku. Tasa ce ta tsakiya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar uku oga ya kira ni ofishinsa. Idanunsa sun yi ja.

"Ba za mu iya janyewa ba," in ji shi. "An riga an buga komai. Kai ka ga yadda yake gwadawa, kai za ka hau."

"Oga, ni ba injiniya ba ne."

"Maɓalli uku ne kawai. Ya riga ya shirya komai a akawun ɗinsa."

Ranar taron, matar da ke teburin rajista ta miƙo mini kati biyu na ratayawa a wuya, nawa da nasa. "Ina ɗayan, yana hanya ne?" ta tambaya. Na ce eh. Har yau ban san abin da ya sa na ce eh ba. Takardar jadawalin ma ba a gyara ta ba, don haka da lokacinmu ya yi, sunansa mai gabatarwa ya kira, har sau biyu, kafin na miƙe.

Zauren ya cika. Sanyin na'ura ya yi yawa. Na shiga akawun ɗinsa, fuskarsa ta bayyana a ƙaton allon da ke bayana, ƙaramin hoto a kusurwa, da hular nan tasa da ta ɗan karkace. Na yi bayanin da na haddace. Na goge foldar da ya sa wa suna gwaji, jama'a suka ga ta ɓace. Na danna, ta dawo. Aka ɗan tafa.

Sai wani dattijo a layi na biyu ya ɗaga hannu, da ganinsa babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya.

"Samari, sunayen fayil muka gani sun dawo. Buɗe mana ɗaya mu ga ko da rai."

"To, ranka ya daɗe."

Ban taɓa leƙa cikin foldar ba. Na ɗauka takardun banza ya zuba. Na danna na farko da hannuna ya kai.

Hon na motoci ne ya fara fitowa daga lasifikokin zauren, da muryar wata mai tallar ruwan leda. Sannan ya yi gyaran murya. Ashe a cikin cunkoson Mararaba yake ɗaukar muryarsa a waya yana bitar jawabin. Ya yi sallama ga jama'ar da bai gani ba, ya fara da Turanci, ya sarƙe a jimla ta uku, ya yi dariya.

"Kai, wannan ba ta fita ba," ya ce da Hausa. "Mutumina, in na kakare a nan ranar, ka yi tari daga rumfa, sai in tuna." Ana jin ƙarar injin mota. "Kuma kada in manta da takalmin makarantar yarinyar nan."

Zauren ya fashe da dariya. Sun ɗauka shiri ne. Na tsaya riƙe da makirufo, na kasa gano inda ake tsayar da abin, ga shi a gabana ƙuru-ƙuru. Muryar ta ci gaba, ya sake sallama, ya sake farawa daga farko, a hankali wannan karon.

Dattijon yana share hawayen dariya ya ce, "Ina mai muryar? Ya tashi mu gan shi mana."

Wasu suka fara waige-waige. Ni ma, wallahi, sai da na kalli ƙofa.

Oga ne ya miƙe daga layin gaba. Bai karɓi makirufo ba. "Allah ya yi masa rasuwa makon jiya," ya ce. Mai kula da sauti ya katse lasifikar. Na ji salati yana tashi nan da can, wata mata a baya ta ce "Jesus" da ƙarfi. Dattijon ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu, bai ƙara ɗagowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Rumfarmu ta cika har aka tashi. Mutane su yi mini ta'aziyya, su karɓi takardar tallarmu, su tambayi yadda ake buɗe ma'ajiya. Wani daga kamfanin da ke rumfar kusa da mu ya dafa kafaɗata ya ce cikin raɗa, "Oga, wannan dabara taku ta yi aiki fa." Da yawa daga cikin kwastomomin da muke da su yau daga ranar suka zo, kuma na san kowannensu.

Bayan mako biyu na zuba duk abin da ke foldar a filashi na kai gidansa. Matarsa tana takaba, don haka yayansa ne ya karɓe ni a falo, ita tana bayan labule. Na faɗa musu abin da ya faru, ban rage komai ba.

"Mutum nawa suka ji?" ta tambaya.

"Zauren a cike yake."

Sai ta ce, "Ni bai taɓa yarda ya gwada a gabana ba. Kunya yake ji wai."

Yayan ya juya filashin a hannunsa. "Wannan kaɗai ne, ko akwai wani a wurinku?"

"Akwai, Yaya. Tsarin yana ajiye kwafi a wuri uku."

"To ku goge. Wannan ya isa, nata ne da yaranta. Bawan Allah yana kabarinsa, bai kamata muryarsa tana yawo a ofis ba."

Na yi masa alkawari.

Ranar Litinin na roƙi mataimakiyarsa, wadda ta gaji kujerarsa, ta nuna mini yadda ake gogewar da ba ta dawowa. Ta nuna mini ta fita, ta ja mini ƙofa. Na zaɓi foldar a wurare ukun, na danna. Wani ɗan akwati ya fito a allo. A sauran wurare tsarin da Turanci yake magana, amma wannan matakin ma'aikatanmu kaɗai ke isa gare shi, kuma injiniyanmu ne ya rubuta gargaɗin da hannunsa. Kalma uku ne: "Ka tabbata, oga?"

Na janye hannuna daga kan tebur. Ina nan zaune har aka kira azahar a masallacin kasuwa. Na sauka na yi salla, na yi masa addu'a, na dawo na tarar tambayar tana nan tana jira. Na ce bismillah, na danna eh.